Idan Baƙo Ya Wuce Kwana Uku

  

Yau zan fara da wata wasiƙa da ta iso mana. Mai wasiƙar ta roƙa kada a faɗi sunanta ko garinta, ba kuwa zan faɗa ba. An kai hari ƙauyen mijinta, ƙanen mijin ya rasu, matarsa ta gudo da yara huɗu ta sauka a gidansu. Ɗaki biyu ne da falo, su ma suna da nasu yaran biyar. Ranar da suka iso ta yi kuka tare da su, ta ɗora ruwa ta yi wa yaran wanka, ta buɗe akwatinta ta ba matar zane. Yau wata na bakwai ke nan. Buhun masara da kan kai su wata biyu, yanzu da kyar yake ganin mako biyar. Yara suna faɗa a kan tabarma. Ita da faccalarta gaisuwa ma ta koma sama-sama. Sai ta rufe da tambaya: "Mama, na gaji, kuma ina jin kunyar Allah don na gaji. Zunubi nake yi?"

'Yar'uwata, ki kwantar da hankalinki ki biyo ni, zan dawo kan tambayarki. Ke ma da kike karatu, na san ko ba a gidanki ba, kin san gidan da wannan magana take.

Mu mutanen ƙasar nan ba sai an koya mana tarbar baƙo ba. Tun muna yara mun san a kawo ruwa kafin a tambayi labari, mun san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma ki lura da wani karin maganar, wanda ya ce baƙo raɓa ne. Raɓa kan sauka da dare, rana na fitowa ta bushe. Wato duk karamcin da muka gada an ɗinka shi ne daidai jikin mai wucewa. A yanka masa kaza, a fito da kwanukan da ke cikin kabad, a raka shi tasha, shi ke nan. Wannan kowa zai iya. Wuyar tana farawa ne ranar da rana ta fito raɓar ba ta bushe ba, domin baƙon ba shi da inda zai koma.

Kalmar da Sabon Alkawari ya yi amfani da ita a Helenanci, wadda aka fassara mana da karɓar baƙi, kalmomi biyu ne aka haɗa: ƙauna, da kuma baƙo ko bare. Ƙaunar wanda ba naka ba ke nan. A Luka sura 14 Yesu yana cin abinci a gidan wani babban Bafarisiye, sai ya juya ya ba mai gidan shawara mai nauyi. Ya nuna masa cewa idan abokai da dangi da maƙwabta masu hali kaɗai yake gayyata, to su ma za su gayyace shi, an biya shi ke nan. Ya ce ya kira matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin rama masa.

Mu mata mun fi kowa gane wannan magana, domin mu ne masu littafin biki. Wance ta kawo mini turmin atamfa ranar auren 'yata, na rubuta. Ranar nata bikin dole in kai turmi, in da hali in ɗora sabulu a kai. Ban ce wannan mugun abu ba ne, zumunci ne, yana kuma rufa asiri. Amma adashi ne, kowa zai kwashi nasa. Abin da Ubangiji yake magana a kai shi ne kwanon tuwon da zai fita daga ɗakin girkinki, ba kuwa za ki taɓa rubuta shi a littafi ba, don kin san ba zai dawo ba.

Me ya sa wannan ya zama maganar bangaskiya, bai tsaya a halin kirki kawai ba? Dalili na farko yana cikin Matiyu sura 25. A nan Yesu ya kwatanta ranar shari'a, ya lissafa mutum iri shida: mayunwaci, mai jin ƙishi, baƙo, marar sutura, marar lafiya, da ɗan kurkuku. Ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta a cikinsu shi aka yi wa. Abin da yakan taɓa zuciyata a wurin nan shi ne, waɗanda aka yaba wa ba su ma san sun yi masa wani abu ba. Mamaki suka yi ta yi. Su dai sun ga mai yunwa sun zuba masa abinci. Dalili na biyu ya fi wannan daɗewa. Sau da yawa cikin Attaura, idan Allah ya umarci Isra'ilawa su kula da baƙo, sai ya tuna musu cewa su ma baƙi ne dā a ƙasar Masar. Wanda ya taɓa kwana a zauren wani bai kamata ya manta da sanyin daren ba.

Akwai wata mata da nake so ki sake karanta labarinta, mutuniyar Shunem, a Littafin Sarakuna na Biyu sura 4. Mai arziki ce. Ta lura annabi Elisha yakan bi ta ƙofarsu, sai ta matsa masa ya riƙa tsayawa cin abinci. Daga baya ta shawarci mijinta, suka gina masa ɗan ƙaramin ɗaki a kan soro, suka sa gado da tebur da kujera da fitila. Ki duba kayan nan guda huɗu. Babu na ado a ciki, amma akwai wurin kwana, wurin aiki, wurin zama, da haske. Ta ba shi wurin da zai rufe ƙofa ya zama shi kaɗai. Ki kuma lura ba ta yi gaban kanta ba, da ita da maigidanta suka yanke shawarar. Yawancinmu a nan muke tsayawa da labarin, ko kuma a wurin ɗan da ta haifa. Amma ki buɗe sura 8. Yunwa ta faɗo wa ƙasar, matar nan mai ɗakin baƙi ta kwashi iyalinta ta yi gudun hijira zuwa ƙasar Filistiyawa, shekara bakwai. Da ta dawo sai da ta je gaban sarki tana roƙo a mayar mata da gidanta da gonarta. Mai saukar da baƙi jiya, ga ta baƙuwa yau.

Wannan ba labarin zamanin dā kaɗai ba ne. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram suka kama Mubi, har hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi sai da aka gudu aka bari, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. Fastoci da malaman makaranta da 'yan kasuwa masu shaguna, mutanen da su ake zuwa wa neman taimako, suka shigo Yola da kayan jikinsu kawai. Mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka zauna ba. A gidajen mutane suka sauka, wurin dangi, wurin 'yan'uwa na ikkilisiya, wani lokaci wurin wanda ba su taɓa gani ba. Mata ne suka ɗauki wannan kaya, domin su ne suke tsayawa gaban murhu suna lissafin yadda mudu biyu zai ƙosar da mutum ashirin.

To, yanzu ga maganar da na fi so ki riƙe. Ana iya ciyar da mutum a kuma ci mutuncinsa a lokaci guda. Na sha gani, ina jin ke ma kin gani.

Shari'ar Musa ta yi wani tsari da ya kamata mu yi tunani a kai. A Littafin Firistoci sura 19 an hana mai gona ya girbe gonarsa har gefe-gefe, an kuma hana shi komawa ya tsince abin da ya zuba. Wannan rabon matalauci ne da baƙo. Mun san kala, ai har yau bayan an cire gyaɗa za ki ga tsofaffi da yara suna tonon abin da ya rage. Hikimar ita ce, gwauruwa ba ta zuwa ƙofar mai gona da ƙoƙon bara. Gona take shiga da ƙarfinta, abin da ta kawo gida guminta ne. Haka Rut ta yi a Baitalami. Bakuwa ce daga Mowab, mijinta ya mutu, tana riƙe da surukarta Na'omi. Ki duba yadda Bo'aza ya bi da ita. Ya ce ta sha ruwa daga tulunan da ma'aikatansa suke sha. Da lokacin cin abinci ya yi, ya kira ta ta zauna tare da masu girbi. Ya gargaɗi samarinsa kada wanda ya taɓa ta. Sa'an nan a asirce ya gaya musu su riƙa zare zangarku daga dammuna suna yarwa da gangan, kada kuma su tsauta mata. Ran nan ta koma gida da sha'ir da ya kai wajen lita 20. Ya taimake ta ƙwarai, amma ya shirya abin yadda za ta shiga gari da kayanta a ka, kanta a ɗage.

Mu kawo wannan cikin gidajenmu. Yarinyar da kika ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar uwarta, kika ce wa dangi za ki riƙe ta kamar taki. Wa yake fara tashi da asuba a gidan? Wa yake cin ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi? Ranar da kuɗin makaranta bai ishi kowa ba, wa ake cewa ya ɗan dakata sai zango mai zuwa? Idan amsar duka ukun ita ce, to 'yar'uwa, ki yi haƙuri da ni, ba marainiya kike riƙo ba, 'yar aiki kika samu wadda ba a biya. Ba na cewa kada ta yi aiki. Ta yi shara, ta yi wanke-wanke, amma tare da 'ya'yanki, a kan layi ɗaya. Akwai kuma ƙananan abubuwa da baki ba ya faɗa amma zuciya tana ji: kofin roba da aka ware wa baƙuwa ita kaɗai, naman da ake ɓoyewa sai ta fita, da yadda ake ba da labarinta gaban kowane mai shigowa, "ai mu muke riƙe da su." Duk ranar da kika faɗi haka tana ji, kin karɓi ladanki a hannu.

Gargaɗin da Bo'aza ya yi wa samarinsa ma kada ki wuce shi. Yarinya ko gwauruwa da ba ta da kowa, wadda ta san idan ta yi magana za a iya korarta, ita ce mugu ya fi samun sauƙin cuta, kuma sau da yawa mugun ba daga waje yake zuwa ba. Ki san inda take kwana, ki san wa yake shiga wurin. Ki gaya mata da bakinki cewa idan wani ya dame ta, ko wane ne shi a gidan, ta zo ta faɗa miki. Ranar da ta zo kuwa, ki saurare ta.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi shafar mai wasiƙarmu. Tausayi yakan buɗe ƙofa, amma tausayi kaɗai ba ya kai wata bakwai. Sai da tsari.

Ikkilisiyar farko ma ta yi tuntuɓe a nan. A Ayyukan Manzanni sura 6, ana rabon abinci kowace rana a Urushalima, sai gunaguni ya tashi: Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu. Kin ga, bambancin yare a wajen rabo ba yau ya fara ba. Manzanni ba su ce a yi shiru don kada a kunyata ikkilisiya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanas, aka danƙa musu aikin. In kin duba sunayen bakwai ɗin, duka na Helenanci ne. Ga alama daga ɓangaren da suka yi kukan aka ɗauko masu rabon.

Aikin ya ci gaba da tsari haka. Wajen shekara ta 251, Bishop Karniliyas na Roma ya rubuta wasiƙa yana lissafa mutanen ikkilisiyarsa, ya ce gwauraye da mabukata fiye da 1,500 ne suke ci daga hannunta. A lokacin nan ana tsananta wa masu bi, ba su da gwamnati a bayansu. Mutum ba ya sanin adadi irin wannan sai in akwai rajista, akwai masu zagawa gida-gida. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 362, Sarki Yuliyan na Roma, wanda ya bar bangaskiyar Kirista ya koma bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist nasa yana ƙorafi cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka, abin kunya ne a gare su. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida.

Akwai wani ɗan littafin koyarwa na masu bi na farko da ake kira Didake, wanda aka sake gano shi a 1873. Ya taɓo ainihin matsalarmu. Ya koyar cewa matafiyi in ya zo a taimake shi iyakar iko, ya kwana biyu ko uku. In kuwa zama zai yi, yana da sana'a, to ya yi aiki ya ci. In ba shi da sana'a, jama'a su yi amfani da hankalinsu su nema masa abin yi, don kada ya zauna haka kawai. Wannan ba rowa ba ce. Sun gane cewa bayan kwana uku mutum ya tashi daga baƙo, ya zama ɗan gida, ɗan gida kuwa yana da aiki, yana da murya. Zaman jiran a ba ka yana cin ran mai karɓa fiye da yadda yake cin aljihun mai bayarwa.

A Yola ma haka abin ya tafi. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa ga dubban 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi. Da shekaru suka wuce aka ga akwai waɗanda ba su da halin komawa, ba a bar su cikin tanti ana ta miƙa musu shinkafa ba. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da aka gina musu a Sangere-Marghi, da makaranta, da majami'a, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu.

To 'yar'uwata mai wasiƙa, ga amsarki. Gajiya ba zunubi ba ce. Ubangiji kansa ya gaji da tafiya ya zauna a bakin rijiya a Samariya, har ya roƙi wata mace ruwa. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 4, da ya ce a riƙa karɓar juna, sai ya ƙara da cewa a yi shi ba da gunaguni ba. Da masu bi na zamaninsa ba sa gunaguni, da bai rubuta ba. Abin tsoro shi ne gajiyar da aka binne a ciki, domin takan fito ta wata ƙofa: ta bakin da ya yi kaifi, ta murfin tukunya da ake bugawa, ta marin da aka yi wa ɗan wani a kan laifin da ɗanki ma ya yi.

Ki fara da maigidanki. Ku zauna bayan yara sun yi barci, ki kawo masa lissafi, ba ƙorafi ba: ga abin da muke ci dā, ga abin da muke ci yanzu. Ƙaninsa ne ya rasu, kuma ba shi kaɗai ne ɗan'uwan mamacin ba. Manzo Bulus ya gaya wa Timoti a sarari, a wasiƙa ta fari sura 5, cewa nauyin gwauruwa yana kan danginta tukuna kafin ya kai ga ikkilisiya. Dangi kuwa ba gida ɗaya ba ne. A kira sauran 'yan'uwa, na birni da na ƙauye. Wani ya ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya, wani ya riƙa aiko da hatsi bayan girbi. A wannan zaman kuma a yi maganar gonar marigayin da abin da ya bari, a rubuta, a sa shaidu, domin mun san yadda kayan marayu suke narkewa a hannun baffanni tun ba a share makoki ba.

Sa'an nan ki je wurin uwar zumunta. Na san abin da zai hana ki, kada a ce kin tona asirin gidanki. Amma zumuntar mata ba don anko da waƙa ranar taro kaɗai aka kafa ta ba. Mata talatin, kowace ta kawo gwangwani ɗaya na hatsi ranar zumunta, kin ga an haɗa abin da zai riƙe yara huɗu kwanaki. Ku kuma shugabannin zumunta da kuke ji na, kada ku jira sai an zo an faɗa muku. Ku san gidajen da suka sauki mutane a cikin ikkilisiyarku, ku rubuta, ku zaga. Mai saukar da baƙi ita ma tana bukatar a leƙa ta.

Na bar mafi wuya a ƙarshe, wato faccalarki. Wata bakwai tana cin tuwon da ba ita ta auna garinsa ba. Kina tsammani ba ta lura da fuskarki? Mace ce da take da ɗakinta da rumbunta da tukwanenta, dare ɗaya ta rasa miji ta rasa duka. Wataƙila shirun da kike gani kamar girman kai, kunya ce da baƙin ciki. Ki same ta ku biyu, ba a gaban yara ba. Ki tambaye ta me take yi a ƙauye kafin abin ya faru. In ƙosai take soyawa, a nema mata kasko da mudun wake da kwalbar mai, ta fara a ƙofar gida. In ɗinki ta iya, a tambaya cikin zumunta ko akwai keken da ke ajiye ba a amfani da shi. Ku raba kwanan girki, ranar nata ki bar mata ɗakin girkin, ko da miyarta ba irin taki ba ce. Ribar da ta samu kuma kada ki sa ido a kai, ki bar ta ta sayo wa 'ya'yanta sabulu da hannunta. Idan lokaci ya yi da za ta kama ɗan ɗakin haya kusa da ku, ku yi maganar tare, a sa wata, kada ta ji shi a bakin maƙwabta.

Ki sake rubuto mana bayan kun yi zaman, ina so in ji yadda ta kaya. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba maganar gādon gwauruwa da marayu, da inda mace za ta kai kuka idan dangin miji suka kwashe kaya. Ku huta lafiya.